Barajin Kainji

Barajin Kainji, wanda ƴan Najeriya ke cewa dam ɗin Kainji, babban shingen ruwa ne da aka gina bisa kogin Isa (Kwara) a ƙasar Borgu cikin jihar Neja ta Najeriya, don samar da wutar lantarki. An fara aikin a 1964 zamanin Tafawa Balewa, kamfanin Impregilo na ƴan Italiya ne ya riƙe ginin, aka gama a 1968. Kenan yanzu ya haura shekara 50 yana tare da ruwa. Duk da ba cikin ƙasarmu yake ba, mu mutanen Yamai ya shafe mu ƙwarai, don ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Kennedy shi ne ke gangarawa Gaya ya shiga Najeriya ya taru a Kainji, sannan wani kaso ya dawo mana a matsayin kuran.

Yadda ginin yake

Tsayin bangon ya kai kamar mita 65. Tsakiyarsa kankare ne, nan ne ɗakin injina yake da ƙofofin sakin ruwa guda 4, sauran kuma duwatsu ne da ƙasa aka jibge aka danne har tsawon kilomita da dama. Tun farko an tsara injina 12 da za su ba da megawat 960, amma 8 kawai aka saka a wancan lokaci, 4 a 1968, 2 a 1976, sai wasu 2 a 1978, jimla megawat 760. Tabkin da ya taru a bayansa tsawonsa kamar kilomita 135 ne har wajen Yawuri, kuma yana iya riƙe ruwa kusan miliyar 15 na mita kubik. Kafin ruwan ya cika sai da aka tada mutane sama da 40,000, tsohon garin Busa ya nutse gaba ɗaya aka gina New Bussa. A daidai wajen ne Baturen nan Mungo Park ya mutu cikin ruwa a 1806, gun ma yanzu yana ƙarƙashin tabkin. Ƙasa da Kainji kamar kilomita 100 akwai barajin Jebba da aka buɗe a 1985, duk ruwan da Kainji ya saki can yake sauka.

Alaƙarsa da kuran ɗin Nijar

Tun shekarun 1970 NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar, ke sayen wuta daga Najeriya, layin ya taso daga Birnin Kebbi ya ratsa Dosso ya iso Yamai, wani layin kuma daga Katsina yake shigowa ta Gazawa ya raba ma Maradi da Damagaram da Tawa. An daɗe ana cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da muke sha daga can take. Jami'an Najeriya da kansu sun sha faɗa cewa dalilin ba mu wutar shi ne don kada Nijar ta tare kogin daga sama Kainji ya rasa ruwa. Kowa ya ga nauyin wannan dogaro a watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da Najeriya ta yanke layin, unguwanni suka riƙa karɓar wuta bi da bi, mai sayar da ƙanƙara ya zauna yana kallon firigonsa na zubar da ruwa, tela da mai walda sai wanda ke da gurup da kuɗin gazuwal. Sai a watan Maris 2024 wutar ta dawo. Tashar Goru Banda da aka buɗe a 2017 da filin sola na megawat 30 da ke kusa da ita sun rage zafi amma ba su rufe ramin ba.

Hawa da saukar ruwa

Nan ne abin ya fi ban sha'awa, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Kogin nan sau biyu yake cika a shekara. Na farko ruwan damina ne na kusa, a Yamai muna ganinsa a Agusta da Satumba, ja wur saboda lakar da Gorouol da Dargol da Sirba ke kwasowa daga wajen Burkina. A Kainji na wannan lokaci farin ruwa suke ce masa, don ya haɗu da na gulbin Sakkwato da sauran rafuka ya yi fari da laka. Na biyu shi ne ruwan Gine, wanda ya sauka tun damina a duwatsun can amma ya ɓata watanni yana yawo cikin fadamun Mali, lakarsa ta kwanta, sai ya iso Yamai cikin sanyi wajen Disamba da Janairu, ya wuce Kainji inda ake ce masa baƙin ruwa. Wannan na biyun shi ke riƙe injina har a shiga rani. In an yi ƙarancin ruwa a Gine da Mali, to watanni bayan nan wutar Kainji za ta ragu, kuma hakan na faɗowa daidai Afrilu da Mayu lokacin da kowa ke neman fanka, ga layin Birnin Kebbi shi kansa ya yi ma girman Yamai na yau kaɗan.

Tsakanin cikar tabkin da ƙasa-ƙasansa akwai bambancin kusan mita 10 kowace shekara, in ruwan ya ja baya manoman bakin tabki su bi danshin da shuka, albasar Yawuri ma ta yi suna.

Akwai wata magana da ake yaɗawa duk shekarar da aka yi ambaliya a Yamai, wai ƴan Najeriya ne suka rufe baraji ruwa ya dawo mana. Wannan ba gaskiya ba ne. Wutsiyar tabkin a wajen Yawuri ta tsaya, tsakaninta da mu ɗaruruwan kilomita ne kuma mu ne a sama. Ambaliyarmu daga jan ruwan nan na damina take da yashin da ya cike cikin kogin. Ma'aunin da ke bakin kogi a Yamai in ya kai santimita 620 an shiga jan gargaɗi, a Satumban 2020 ya taɓa 700, shingen Lamorde ya ɓalle, Kirkisoy da Saga ruwa ya ci gidaje da gonakin shinkafa. A ɗaya gefen kuma a 1985 kogin ya daina gudu a Yamai saboda fari, bayan haka ne aka gina ɗan shingen Gudel don ruwan sha. Hukumar ABN mai kula da kogin, ta ƙasashe 9, ofishinta a nan Yamai yake, kuma alƙaluman da ake aunawa a nan suna ba masu riƙe da Kainji labarin abin da ke tafe musu tun kafin ya iso.

Tsufa da lafiyar barajin

Da an ce tsohon baraji abin da ke zuwa ran mutum shi ne bango ya fashe. Kainji dai bai taɓa fashewa ba, amma jita-jitar fashewarsa na tashi lokaci lokaci a WhatsApp musamman cikin damina. Abin da tsufa ya fi ci shi ne ƙarfe, wato injina da ƙofofi da wayoyi. Shekaru na rashin gyara sun sa lokacin da aka miƙa Kainji da Jebba ga kamfanin Mainstream Energy Solutions a 2013 kusan duk injinan Kainji a tsaye suke, sai daga baya aka tada wasu, har da kuɗin Bankin Duniya. Shi bangon ƙasa da dutse kullum ruwa na ɗan tsatsowa ta cikinsa, wannan ba laifi ba ne, abin dubawa shi ne yawan ruwan ya ƙaru ko kuma ya fara fitowa da laka, don alama ce yana cin bangon ta ciki. Shi ya sa ake binne na'urorin awo a jikinsa, kuma dole a samu mai karanta su kullum ba sai damina ba. Laka ma na taruwa a gindin tabkin a hankali tana rage masa ciki.

A ganina haɗarin da ya fi kusa da talaka shi ne sakin ruwa. In tabkin ya cika ba makawa sai an buɗe ƙofofi, in ba haka ba ruwa ya hau bangon ƙasa, wanda shi ne mafi muni. To amma ruwan da aka saki ya bi ta Jebba ya sauka kan ƙauyukan Nufawa na jihohin Neja da Kwara har Lakwaja, kuma sau da yawa sanarwar a rediyo da takarda take tsayawa, manomin da shinkafarsa ke cikin fadama sai dai ya wayi gari ya ga ruwa. Ƙofar da ta ƙi buɗewa ranar da ake buƙata, ko wadda aka buɗe ba a gaya ma na ƙasa ba, duk rayuka ake sakawa cikin haɗari.

Kamun kifi, jirage da yawon buɗe ido

Tabkin na ciyar da dubban masunta, Sarkawa da Gungawa da wasu da suka zo daga nesa, ana kama giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa da kurungu, a New Bussa kuma akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta Najeriya. Kusa da shi akwai gandun dajin Kainji mai ɓangare biyu, Borgu da Zugurma, fiye da murabba'in kilomita 5,000, da can ana zuwa kallon dorina da gwanki da birai, amma ƴan shekarun nan ƴan bindiga sun samu mafaka a cikinsa, ba wurin da za a ce mutum ya kwashi iyali ya tafi shan iska ba ne a halin yanzu.

Jirgin ruwa ne ya fi kashe mutane a tabkin. Ranar kasuwa za ka ga kwalekwalen katako an loda buhuna da babura da mata da goyo har bakinsa ya rage taƙi ɗaya ya sha ruwa, ba mai rigar ruwa ko ɗaya, ga kututturan itatuwan da tabkin ya haɗiye tun 1968 suna nan a ƙasa, in ruwa ya ja baya su ke fasa cikin jirgi. A watan Mayu 2021 wani jirgi ya nutse kusa da Wara a jihar Kebbi, mutane fiye da 100 suka salwanta. Wanka ko jefa taru a ƙasan bangon ma haɗari ne babba, don ana iya tada inji ruwa ya ƙaru cikin mintoci. Masu hawa jirgi zuwa kasuwar Bubon ko yara masu wanka a Gamkale su ma lodi da rashin rigar ruwa ne matsalarsu.

Nijar na gina nata barajin a Kandaji kusa da Ayoru, kamar kilomita 180 sama da Yamai, mai megawat 130, an aza tubalinsa tun 2008, aikin ya tsaya, kamfanin Gezhouba na Sin ya karɓe shi a 2019. Ranar da ya fara aiki, yawan ruwan da Kainji zai samu cikin rani zai danganta da abin da aka saki daga Kandaji.