Legião Urbana

Legião Urbana ƙungiyar mawaƙan rok ce ta ƙasar Brazil. Mawaƙi Renato Russo da makaɗin ganguna Marcelo Bonfá ne suka kafa ta a birnin Brasília a 1982. Dado Villa-Lobos mai kaɗa jita ya shigo a 1983, sai Renato Rocha da ya riƙe jitar bas daga 1984. Ma'anar sunan a harshen Fotugis ita ce rundunar birni.

Ƙungiyar ta taso ne a ƙarshen mulkin soja, wanda ya fara a 1964 ya ƙare a 1985. Kafin nan Renato Russo yana cikin Aborto Elétrico, wata ƙungiyar samari masu kiɗan punk (wani nau'in rok), kuma a can ya rubuta "Que País É Este" a 1978, wato wace irin ƙasa ce wannan. Waƙar ba ta hau faifai ba sai 1987, amma har yau ana rera ta idan ɓarnar 'yan siyasa ta ishi jama'a.

Kamfanin EMI-Odeon ya fitar da faifansu na farko a Janairun 1985, na biyu mai suna Dois ya biyo baya a 1986. Abin da ya raba su da sa'o'insu shi ne alƙalamin Renato. Misali mafi kyau shi ne "Faroeste Caboclo", waƙar kusan minti 9 wadda ba ta da amshi ko ɗaya. Labari ne na João de Santo Cristo, ɗan ƙauye da ya sauka Brasília, ya yi aikin kafinta, ya faɗa sayar da wiwi, ya kamu da son Maria Lúcia, daga ƙarshe aka harbe shi a unguwar Ceilândia. Duk tsawon nan nata, matasa sun haddace ta daga farko har ƙarshe.

A ranar 18 ga Yunin 1988 wasan da suka yi a filin ƙwallo na Mané Garrincha ya rikiɗe ya zama tarzoma, mutane da dama suka jikkata. Ba su sake yin wasa a Brasília ba, garin da ya haife su. Faifan 1989, As Quatro Estações, ya karkata ga soyayya da addini da zaman iyaye da 'ya'ya, kuma ya samu kasuwa sosai.

Renato Russo ya mutu a Rio de Janeiro ranar 11 ga Oktoban 1996 yana ɗan shekara 36, sanadiyyar cutar ƙanjamau, 'yan makonni bayan fitowar faifansu A Tempestade. Kwana 11 bayan haka Dado da Bonfá suka sanar da rushe ƙungiyar. A 2013 an yi fina-finai biyu, ɗaya kan ƙuruciyar Renato, ɗaya kan labarin João. Dado da Bonfá sun koma rera waƙoƙin a dandali, sun kuma daɗe suna shari'a da ɗan Renato kan ikon amfani da sunan ƙungiyar.