Yankan dutse a kariyar

Yankan dutse sana'a ce ta ɓamɓaro manyan gutsattsarin dutse daga jikin tsauni ko ƙarƙashin ƙasa, a fidda su da kusurwa huɗu ba tare da sun farfashe ba, don gini ko sassaƙa ko daɓen ƙasa. Wurin da ake aikin shi ne mutanen Maradi ke ce ma kariyar. Daban yake da fasa tsakuwa, don mai tsakuwa so yake dutsen ya rugurguje, mai yanka kuwa in tsaga ɗaya ta bi inda ba a so to aikin watanni ya tashi a banza.

Sanin jijiyar dutse

Kafin a ɗora guduma sai an kwashe ƙasa da ruɓaɓɓen dutsen sama, sannan a duba yadda dutsen ya kwanta. Kowane dutse yana da gefen da yake saurin tsagewa, kamar yadda itace ke bin jijiyarsa in ana faskare, dutsen farar ƙasa da dutsen yashi hawa hawa suke, giranit kuma, wato dutse mai tauri ƙwarai, sai gwani ke gane hanyarsa, wani da ido wani da shafa tafin hannu. Wannan sanin shi ne rabin sana'ar, kuma har yau injin bai maye gurbinsa ba.

Tarihi

Mafi yawan abin da aka sani game da aikin dā daga Masar ya fito. Duwatsun dalar Giza, wajen shekara 4,500 da suka wuce, galibinsu nan kusa da dalar aka yanko su, farin da aka lulluɓe ta da shi kuma daga Tura aka tsallako da shi Kogin Nilu. Da kurfi na tagulla suke haƙa siraran ramuka kewaye da dutsen ta gefe huɗu, sai su ɓamɓare shi ta ƙasa.

Giranit ya fi ƙarfin tagulla, shi ya sa a Aswan, kudancin Masar, sai da suka riƙa dukansa da ƙwallayen wani baƙin dutse mai tauri, dolerit, ana daka yana zama gari kaɗan kaɗan. Har yanzu akwai wani dogon ginshiƙi kwance a can da ba a gama ba, tsawonsa kusan mita 42, nauyinsa da an ɗaga shi zai haura tan 1,000, an riga an haƙe gefensa sai tsaga ta bayyana a jiki aka bar shi. Wasu na danganta shi da zamanin sarauniya Hatshefsut. Duk wanda ya ga hoton ramukan gefensa, inda mutum ɗaya da ƙyar zai tsuguna, da alamun dakan jere a bango, zai san wahalar da bayin Allah suka sha.

Maganar cusa busasshen itace a rami a jiƙa shi da ruwa ya kumbura ya tsaga dutse, ana yawan faɗi, amma masana ba su yi ittifaƙi a kai ba.

Rumawa sun yawaita aiki da ƙarafa masu tsinin baki, a jera su a layi a bi su da guduma ɗaya bayan ɗaya har dutsen ya buɗe. Su ne suka fito da sunan dutsen mabul na Karara a Italiya. Wuta ma tsohuwar dabara ce, ana jin da ita aka ɓare wasu duwatsun ginin Babbar Zimbabuwe, tsohon birnin dutse na ƙasar Zimbabuwe. Albarushi ya shiga aikin haƙa wajen ƙarni na 17, nakiyar Alfred Nobel kuma a 1867, sai dai nakiya ɓarna take ma mai son dutse lafiyayye.

Yadda ake yi yanzu

Ana huda rami biyu, ɗaya daga sama ɗaya daga gefe su haɗu a ciki, a zura igiyar ƙarfe mai ƙwayoyin lu'ulu'u, injin yana juya ta yana ja da baya tana yanka dutsen, ana zuba ruwa don sanyaya ta. An fara wannan a Karara wajen ƙarshen shekarun 1970. In bangon ya rabu sai a tura shi da jak ko jakar iska ya faɗo kan tulin ƙasa mai laushi, a yanyanka shi daidai ɗaukar babbar mota.

A yankin Maradi

Ƙasar yashi ce, abin da aka fi haƙa jar marmara ce ta hanya da yashin gulbi da tsakuwa. Giranit sai kudu wajen iyaka, ko Damagaram inda duwatsun ke tsaye cikin gari. A wurare da dama na Afirka ta Yamma, kamar Pissy a Wagadugu, tsoffin tayoyi ake ƙonawa kan dutse har ya tsage, maza su fasa, mata su rage shi da ƴar guduma.

Haɗari

Ƙurar giranit na taruwa a huhu ta jawo ciwon da ba ya warkewa, kuma mafi yawan masu aikin hannu ko ƙyallen rufe hanci ba su da shi.