Ɓauren ƙaya (Opuntia ficus-indica)

Ɓauren ƙaya tsiro ne daga dangin kaktus wanda ake nomawa domin 'ya'yansa masu zaƙi, ana kuma ciyar da dabbobi da shi da yin shingen gonaki a wuraren da ruwan sama bai wadata ba. Asalinsa tuddan tsakiyar ƙasar Meksiko ne, inda ake kiran tsiron nopal, ɗan da yake yi kuma tuna. A Masar da Sudan sunansa tin shauki, a yankin Ta'if na Saudiyya barshumi, a Habasha da Eritiriya kuwa beles. Ba shi da dangantaka da ƙerana ko tinya da aka sani a ƙasar Hausa, duk da kamar da ke tsakaninsu, domin waɗannan farin ruwa mai guba suke fitarwa idan an yanke su, shi kuwa ruwan jikinsa yauƙi ne marar cutarwa.

Siffarsa

Tsiron yakan kai tsawon mita 3 zuwa 5. Abin da ake ɗauka ganyensa ne a zahiri reshe ne mai faɗi da kauri, mai siffar faifai, kuma faifan nan suna fitowa ne ɗaya a kan ɗaya har na ƙasa su tsufa su zama kututture. A jikin kowane faifai da kowane ɗa akwai ƙananan gurabe da ƙaya ke fitowa. Wasu ire-iren suna da dogayen ƙayoyi, wasu ba su da su, amma dukkansu suna da siraran ƙayoyi masu ƙugiya waɗanda ke maƙalewa a fata da zarar an taɓa su. Tsiron yana buɗe ƙofofin numfashinsa da dare ya rufe su da rana, dalilin da ya sa ba ya asarar ruwa kamar sauran amfanin gona. Furanni sun fi fitowa a gefen faifan da suka shekara ɗaya.

Asali da yaɗuwa

Binciken da aka yi a kogunan dutse na kwarin Tehuacán a Meksiko ya nuna cewa mutanen yankin suna cin tsire-tsiren dangin Opuntia tun wajen shekaru 9,000 da suka wuce, ko da yake cin na daji daban ne da nomawa, kuma masana sun yi saɓani a kan lokacin da aka fara noman. Abin da aka fi yarda da shi shi ne, nau'in da ake nomawa yau ya samu ne daga barbara tsakanin nau'o'in daji da dama, manoma kuma suka riƙa zaɓen waɗanda suka fi manyan 'ya'ya da ƙarancin ƙaya suna dasa faifansu kusa da gida. Tsiron yana da matsayi babba a wurin al'ummar Aztek, waɗanda suka mulki tsakiyar Meksiko kafin zuwan Sifaniyawa. Bisa tarihinsu na baka, sun kafa birnin Tenochtitlan wajen shekarar 1325 a wurin da suka ga gaggafa a kan wannan tsiro, kuma hoton nan ne ke tsakiyar tutar Meksiko har yau.

Sifaniyawa sun gamu da shi a tsibiran Karibiyan kafin su isa Meksiko. Marubucinsu Gonzalo Fernández de Oviedo ya ba da labarin yadda ya ci jajayen 'ya'yan, daga baya ya ga fitsarinsa ya yi ja, hankalinsa ya tashi yana zaton jini ne ke zuba, sai da aka shaida masa cewa launin 'ya'yan ne kawai. An kai tsiron Sifaniya a farkon ƙarni na 16, da farko a matsayin abin kallo a lambunan masu hali. Abin da ya sauƙaƙa tafiyarsa shi ne faifan da aka yanke yana iya yin watanni bai mutu ba, kuma duk inda aka yar da shi a ƙasa yakan yi saiwa. Matuƙan jiragen ruwa sun riƙa ɗaukarsa a doguwar tafiya domin kariya daga ciwon da rashin ɗanyen abinci ke jawowa, suka bar shi a tashoshin da suka yada zango.

Daga Sifaniya ya bazu a gaɓar Bahar Rum, ya kama ƙasa sosai a kudancin Italiya da tsibirin Sisili. Ana kyautata zaton Musulmin Andalus da aka kora tsakanin 1609 da 1614 sun taimaka wajen yaɗa shi a Arewacin Afirka, kuma ɗaya daga cikin sunayensa a Maroko, karmus nasara, wato ɓauren Nasara, yana nuna cewa mutanen wurin sun san daga hannun Turawa ya zo. A arewacin Habasha an fi danganta shigowarsa da 'yan mishan na Katolika a wajen tsakiyar ƙarni na 19, wasu kuma suna cewa fatake da alhazai ne suka kawo shi daga ƙasashen Larabawa. Ko ma wane ne ya kawo shi, a yankin Tigray ya zama abincin da ake dogara da shi a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba.

Ba don 'ya'yan kaɗai aka yaɗa shi ba. Wani ƙaramin ƙwaro mai suna Dactylopius coccus yana rayuwa a jikin faifansa, kuma daga busasshen ƙwaron ake samun jan rini mai tsada. A zamanin mulkin Sifaniya, rinin nan na yankin Oaxaca yana cikin kayan da suka fi daraja da ake fitarwa daga Meksiko bayan azurfa, kuma neman karya wannan kasuwa ne ya sa wasu ƙasashen Turai suka riƙa kai kaktus yankunan da suke mulka. Tsibiran Kanari sun yi arziki da rinin a ƙarni na 19 kafin rinin masana'anta ya karya farashinsa. Yau Peru ce kan gaba wajen samar da shi.

A jihar Kalifoniya ta Amurka, mai kiwon tsirrai Luther Burbank ya tara faifai daga Meksiko da ƙasashen Bahar Rum da wasu wurare, ya fitar da ire-iri marasa ƙaya fiye da 60 tsakanin 1907 da 1925, yana tallata su a matsayin abincin shanu da zai mayar da hamada makiyaya. Kasuwar ba ta daɗe ba, domin tsiron bai jure sanyin hamadar Amurka ba, kuma dabbobi suna cinye shi har ƙasa idan babu shinge. Akwai masu ganin cewa da yawa daga cikin ire-irensa tsofaffi ne da aka sauya wa suna. Duk da haka aikinsa ya bar gado a Afirka ta Kudu, inda aka shigo da fiye da 20 daga cikinsu zuwa makarantar aikin gona ta Grootfontein a 1914.

Ire-iri

Kowane irin ɓauren ƙaya da ake nomawa ya samo asali ne daga tsiro guda, wanda aka riƙa yankar faifansa ana ba maƙwabci ko ana kai wa wata ƙasa. Wannan ya sa iri ɗaya yakan amsa sunaye uku ko huɗu a wurare daban-daban, suna ɗaya kuma ya hau kan ire-iren da ba su da alaƙa. Manoma sun fi bambanta su da launin cikin ɗan, da yawan ƙaya, da lokacin nuna.

Meksiko ce ta fi kowace ƙasa yawan ire-iri da yawan abin da ake girbewa, musamman a jihohin Zacatecas, Puebla, Hidalgo, San Luis Potosí da jihar Meksiko. Mutanen ƙasar sun fi son masu farin ciki ko kore-kore, irin su Reyna, wadda ake yabon zaƙinta da siririn ɓawonta, da Cristalina da Burrona masu manyan 'ya'ya waɗanda ke jure doguwar tafiya zuwa kasuwa. Waɗannan duka masu ƙaya ne, kuma wasu masana suna ware su a wani nau'i dabam mai suna Opuntia albicarpa. Daga cikin jajaye akwai Roja Pelona marar ƙaya. Cardona, wadda ta fi yawa a daji, ƙananan jajayen 'ya'ya take yi, ana dafa ruwansu har ya daskare ya zama alewar da ake kira queso de tuna. Akwai kuma xoconostle mai tsami, wanda ake sa wa a miya maimakon a ci shi ɗanye.

A Sisili ire-iri uku ne kacal suka mamaye gonaki: Gialla mai ruwan ɗorawa, wadda ita ce mafi rinjaye da nisa, sai Rossa ja, sai Bianca fara, wadda ta fi saurin lalacewa a hannu. Tarayyar Turai ta yi rajistar sunan 'ya'yan yankin dutsen Etna a 2003, na San Cono kuma a 2013. Italiya ba ta kai Meksiko yawan amfani ba, amma ta yi fice wajen fitar da shi zuwa kasuwannin waje.

A kudancin Maroko, a ƙasar Ait Baamrane kusa da Sidi Ifni, ana noma ire-iri biyu marasa ƙaya da ake kira Aissa da Moussa, na farkon yana riga nuna, na biyun kuma yana biyo baya har cikin kaka. Afirka ta Kudu tana da Algerian, Morado, Meyers, Gymno Carpo da Skinners Court. A Isra'ila akwai Ofer.

Dasawa da kulawa

Ba a cika shuka ƙwayarsa ba sai wajen aikin samar da sabon iri, saboda tana da taurin ɓawo, tana jinkirin tsira, kuma abin da ya fito ba lallai ne ya yi kama da uwar ba. Faifai ake dasawa. Manomi yakan zaɓi lafiyayyen faifai mai shekara ɗaya ko biyu, ya yanke shi daidai gaɓa da wuƙa mai kaifi, ya ajiye shi a inuwa na tsawon mako biyu zuwa huɗu har bakin yankan ya bushe, domin idan aka binne shi da ɗanyen rauni ruɓewa yake yi. Bayan haka sai a kafa shi a tsaye a binne sulusi ko rabinsa a ƙasa mai ɗan danshi, kuma ba a gaggawar yi masa ban ruwa. A gonakin kasuwanci akan bar mita 4 zuwa 6 tsakanin layi da layi.

Yana son jigawa da duk ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, ba ya jure fadama ko ƙasa mai gishiri, kuma sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 5 a ƙarƙashin sifiri a ma'aunin Celsius yana ƙona sababbin faifai. Yakan fara 'ya'ya a shekara ta biyu ko ta uku. Ko da yake yana rayuwa cikin fari, 'ya'yan kasuwa masu girma suna buƙatar taki da ɗan ban ruwa a lokacin da suke kumbura, kuma akan rage su a bar kimanin shida a kan kowane faifai.

Manoman Sisili suna da wata dabara da suke kira scozzolatura. A ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, lokacin da tsiron ya cika da fure, sai su bi shi su kakkaɓe furannin da sababbin faifai baki ɗaya. Bayan 'yan makonni tsiron yakan sake yin fure, 'ya'yan wannan karo na biyu kuma, waɗanda ake kira bastardoni, suna nuna ne a Oktoba da Nuwamba maimakon Agusta. Ba su kai na farko yawa ba, amma sun fi girma da ruwa, kuma suna shiga kasuwa a lokacin da farashi ya tashi.

Ƙwari da ɓarna

Sauƙin ɗaukar faifai daga wuri zuwa wuri ya jawo asara mai yawa. A Ostareliya wani ɗan'uwansa mai ƙaya, Opuntia stricta, ya mamaye kimanin hekta miliyan 24 a jihohin Queensland da New South Wales zuwa tsakiyar shekarun 1920, har manoma suka bar gonakinsu. An shawo kansa ne da tsutsar wani malam-buɗe-littafin dare mai suna Cactoblastis cactorum, wanda aka kawo daga Ajantina a 1925. Ƙwaron nan da aka yaba a can shi ne aka gano a Florida a 1989, kuma tun daga lokacin ake fargabar shigarsa gonakin Meksiko. A kudancin Madagaska, ƙwaron rini da aka shigar a shekarun 1920 ya hallaka kaktus ɗin da mutane da shanunsu suka dogara da shi, yunwa ta biyo baya wajen 1930, kuma har yanzu ana jayayya a kan ko da gangan Faransawa masu mulki suka yaɗa shi.

A Maroko an gano ƙwaron Dactylopius opuntiae, ɗan'uwan ƙwaron rini, a yankin Sidi Bennour a 2014, ya bazu cikin 'yan shekaru ya kashe gonaki da shingaye masu yawa. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar, INRA, ta gwada ire-iren da ke ajiye a wurinta ta fitar da takwas da ƙwaron ba ya yi wa illa, ana kuma raba wa manoma faifansu. A Tigray ma ƙwaron rini da aka shigar domin sana'a ya kuɓuce ya lalata beles a gundumomi da dama. Saboda irin wannan ne ƙasashe suke tsananta bincike kafin a shigo da faifai. Jami'o'in Chapingo a Meksiko, Palermo a Italiya da Free State a Afirka ta Kudu suna da lambunan adana ire-iri, kuma hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta kafa ƙungiyar masu binciken kaktus a 1993 domin musayar bayanai da iri.

Girbi da ci

Ɗan yakan auna giram 100 zuwa 200, kuma ba ya ƙara zaƙi bayan an cire shi, don haka sai ya fara sauya launi ake girbe shi. An fi yin girbin da sassafe, lokacin da raɓa ta jiƙa siraran ƙayoyin ba sa tashi cikin iska su shiga ido, kuma akan yanko shi da ɗan guntun faifai a gindinsa domin kada ruɓa ta shiga ta wurin. Ana share ƙayoyin da buroshi ko a mirgina 'ya'yan a kan ciyawa. Masu sayarwa a kan amalanke a titunan Alƙahira da Kasablanka sukan yanke kai da gindi, su tsaga ɓawon a tsaye, su buɗe shi su miƙa wa mai saye tsokar ba tare da ya taɓa ƙaya ba. Ƙwayoyin cikinsa suna da tauri, haɗiye su ake yi, kuma cin da ya wuce kima yana sa bayan gida ya yi wuya. A Maroko da Tunisiya ana matse mai daga ƙwayoyin domin kayan shafawa.