Shin Tsananin Dokokin Addini ne ke Kai Mutane ga Mulhidanci?

An daɗe ana cewa tsauraran dokokin addini ne ke tura mutane zuwa ga musun samuwar Allah, amma abin da masu nazarin zamantakewa suka gano bai goyi bayan wannan zance ba. A 1972 Dean Kelley, wani marubuci Ba'amurke mai nazarin harkokin addini, ya nuna cewa a Amurka majami'u masu tsauri ne ke ƙaruwa yayin da masu sassauci ke rasa mabiya, kuma ƙasashe irin su Suwidin da Denmak, inda coci ba ta matsa wa kowa, suna cikin waɗanda rashin imani ya fi yawa.

Abin da ya fi tasiri, a ganina, shi ne abin da yaro ke gani da idonsa. Idan uba ya tashe shi ibada da asuba, shi kuma ya koma ya ja bargo, ko malami ya tsawatar kan abin da shi kansa yake aikatawa a ɓoye, a nan ne shakka ke samun gindin zama. Sau da yawa ma wanda tsanani ya gundura ba ya musun Allah, sai dai ya koma wata ƙungiya mai sassauci, ko ya ci gaba da ibadarsa shi kaɗai.