Waiwaye: Kwalin da Ya Gina Kasuwar Fim ɗin Hausa

Duk lokacin da wani tsohon ɗan fim ya kwanta rashin lafiya aka fara neman masa taimako a Facebook, sai muhawara ta tashi. Wasu su ce furodusoshi ne suka ci guminsa, wasu su ce shi ne bai yi tanadi ba, wasu kuma su ɗora wa wayar salula laifin kashe kasuwa. Lamarin ya girmi wayar.

Farkon labarin sananne ne. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano da suka goge a dandamali da gidajen talabijin su ne suka rungumi kyamarar bidiyo, har ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990. Zuwa 1999 an sami mujallun fim, an raɗa wa harkar suna Kannywood, waƙa da rawa sun zama gishirin miya. A 2001 jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai. Wannan kowa na iya karanto shi.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne yadda ake sayar da fim ɗin a wancan zamani. Furodusa ya gama ɗauka, ya tace, amma ba shi da injinan naɗar kaset, ba shi da shago. Sai ya je maɗaba'a ya buga kwali, wato bangon kaset mai hotunan 'yan wasa, ya haɗa da mastar fim ɗin, wato kwafin asali da ake naɗa daga gare shi, ya kai wa dilolin kaset a kasuwannin Ƙofar Wambai da Bata a Kano. Dila shi ke sayen kaset fanko, ya naɗa, ya sa a kwali, ya tura Kaduna, Sakkwato, Maraɗi, Damagaram. Kuɗin furodusa yana kan kwali ne kawai. Kwali nawa aka saya, shi ne ribarsa. Sau da yawa ma bashi ake ɗauka, sai an sayar a biya, wanda ya yi kwantai a dawo masa da abinsa.

Tsarin ya yi rana, a faɗi gaskiya. Yaro mai ƙaramin jari ya iya shiga harkar, kuma fim kan fito a Kano ya isa garuruwa masu nisa cikin kwanaki kaɗan. Amma a nan ne masana'antar ta ɗauki kamanninta. Tunda fuskar da ke kan kwali ita ke jawo mai saye, sai dila ya fara tambayar waye a ciki kafin ya tambayi labarin. Daga nan ya koma ba da jari, da sharaɗin a sa wane da wance, a yi waƙa kaza, a raba fim na ɗaya da na biyu don a buga kwali sau biyu. Shagunan haya kuwa su sayi kaset guda, unguwa ta kalla, ko sisi ba ya komawa ga mai fim.

Ɗan wasa fa? A sallame shi a lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, shi ke nan. Yawanci babu takarda, babu kaso a kan abin da fim zai kawo nan gaba, domin furodusan kansa ba shi da hanyar sanin kwafi nawa aka naɗa. Ƙungiyoyin da aka kafa daga baya sun fi ba da ƙarfi a kan rajista, ladabtarwa da sasanta rikici. Batun mallaka ya zauna yadda aka same shi.

Da faifan CD ya zo, kwali ya rage girma amma bai mutu ba. Masu tura fim a waya ne suka binne shi, don mai karɓar fim a memori ba ya bukatar bango. Yanzu shirye-shirye masu dogon zango sun koma YouTube da tashoshin talabijin irin su Arewa24, kuma a karon farko mai fim yana ganin adadin masu kallonsa a fili. Sai dai ɗan wasa har yau sallamar lokeshin yake karɓa.