Ma'aunan ciwon daji a jini da fargabar masu jinya

Ma'aunan ciwon daji sinadarai ne, galibinsu furotin, waɗanda ƙwayoyin ciwon dajin ke fitarwa ko jiki ya ƙara samarwa saboda ciwon. Ana auna su a jini, wasu a fitsari. Babban amfaninsu shi ne bibiyar yadda magani ke aiki. Ba da su ake tabbatar da ciwon ba. Wannan sai an ɗebi tsoka an duba.

Tarihi

Wanda ake ɗauka na farko shi ne furotin da likitan Ingila Henry Bence Jones ya bayyana a wajajen 1847, a fitsarin wani mai ciwon dajin ɓargo. An shafe sama da ƙarni kafin fannin ya bunƙasa. A 1963 Garri Abelev na Tarayyar Sobiyet ya gano furotin da ake kira AFP a jinin ɓeraye masu ciwon dajin hanta. A 1965 Phil Gold da Samuel Freedman suka gano wani furotin mai suna CEA a Montreal ta Kanada, a ciwon dajin hanji. Robert Bast da abokan aikinsa suka bayyana ma'aunin CA-125 a 1981, wanda ake bin ciwon dajin ma'ajiyar ƙwan mace da shi. PSA, ma'aunin ciwon dajin prostate (wata gaɓa a ƙasan mafitsarar maza), ya shiga asibitoci a shekarun 1980, kuma har yanzu ana saɓani kan gwada shi ga masu lafiya.

Abin da ke ɗaga lamba

Ba ciwon daji kaɗai ne ke ɗaga lambar da ke fitowa a sakamakon gwaji ba. Shan taba na ɗaga CEA. Jinin al'ada, juna biyu, ƙari a mahaifa (fibroid) da tarin fuka na ciki duk suna iya ɗaga CA-125 sama da 35, iyakar da aka saba gani a takarda. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a Arewa, na ɗaga AFP. Wani lokaci lamba kan hau a makonnin farko na kemoterapi, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, saboda ƙwayoyin na mutuwa, daga baya ta sauka.

Fargabar dangi

A Kaduna, sau da yawa takardar sakamako kan riga ranar ganin likita zuwa hannun dangi. Mai jinyar mahaifiyarsa ya karɓo ta, ya ga lamba ta hau, ya ɗauki hotonta ya tura wa 'yan'uwa a WhatsApp, kafin magariba gida ya rikice, alhali tafiya Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika ko na Barau Dikko sai mako mai zuwa. Wannan jiran shi ne mafi nauyi, kuma majinyaciya takan karanta shi a fuskokin 'ya'yanta.

Likita ba ya yanke hukunci da lamba ɗaya. Yana duba inda jerin gwaje-gwaje suka dosa, ya haɗa da hoton sikanin da yanayin jiki: cin abinci, nauyi, raɗaɗi. Shi ya sa ake son a riƙa gwaji a wuri ɗaya, domin na'urori sun bambanta, a rubuta sakamako da kwanan wata a littafi guda, a kuma wakilta mutum ɗaya mai natsuwa ya riƙa magana da likita. Barin magani a koma na gargajiya saboda lamba ta hau kuskure ne mai tsada.

Hawan lamba kaɗai ba dalilin gaggawa ba ne: wani bincike kan mata masu ciwon dajin ma'ajiyar ƙwai da aka wallafa a mujallar likitanci ta Lancet a 2010 ya nuna cewa gaggauta komawa kemoterapi don CA-125 ya hau kawai, kafin alamu su bayyana, bai ƙara wa matan tsawon rai ba.