Jarabar aiki: yadda za ka auna kanka

Duk mai yawan aiki ne ke da jarabar aiki?

A'a. Telan unguwar Aboabo a Kumasi, ƙasar Gana, da ke kwana kan keke ana saura kwana goma Sallah, larura ce ta sa shi. Mai jaraba shi ne wanda Sallah ta wuce, ɗinki ya ƙare, ya zauna cikin iyali amma zuciyarsa na shago, hannunsa na kan waya, abinci na hucewa a gabansa.

Da me ake aunawa?

Akwai ma'aunin da masana a Jami'ar Bergen ta ƙasar Norwe suka fitar a 2012. Tambayoyi 7 ne, duk a kan shekarar da ta wuce: Kana neman dabarar ƙara wa aiki lokaci? Kana zarce lokacin da ka yi niyya? Kana fakewa da aiki don gudun damuwa? An ce ka rage ka ƙi ji? Ranka na ɓaci idan aka hana ka aiki? Ka ajiye hutu da motsa jiki saboda shi? Ya taɓa lafiyarka?

Kowace za ka ba ta maki daga 1, wato sam, zuwa 5, wato kullum. Idan tambayoyi 4 ko fiye suka samu 4 ko 5, akwai alama.

Ina ake kuskure?

Wajen yi wa kai sassauci. Mutum zai ce "neman halak nake yi" ya sa wa kansa 2 inda ya kamata ya sa 5. Shi ya sa yana da kyau uwargida ko abokin sana'a su amsa tambayoyin a kanka, a kwatanta. Kada kuma a cike ma'aunin a tsakiyar hada-hadar Sallah. Ƙirga awoyi kaɗai ma ba ya isa, ko da yake suna da nasu haɗarin: dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta tsayar da awa 40 a mako, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa aikin awa 55 ko fiye a mako na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari.

To idan maki ya yi yawa fa?

Ma'aunin ba hukuncin likita ba ne. A fara da auna hawan jini, a ware yini guda babu waya babu shago. Idan rashin barci ko faɗuwar gaba suka biyo baya, a nufi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi.